Ƙibar 'Yan Mata, Da Jiyyar Da A Ke Yi Mata Da Magana

 Jawabinmu na yau a kan 'yan mata ne, tun daga masu shekara 12 har zuwa 19, da ƙibar da ta wuce kima, da kuma wata irin jiyya da a ke yi mata wadda babu ƙwaya a cikinta, babu allura. Iyaye mata su matso kusa. Masu gida kuma kada su tashi, gama akwai rabonsu a ciki.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, mu da rama ta dama, ina ruwanmu da ƙiba?" Yana da gaskiya. A yawancin ƙauyukanmu, cikin 'yan matan da a ke kawowa ɗakin shan magani, ramammu sun fi masu ƙiba yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙarancin jini ya fi damunsu. Amma zamani yana juyawa. A da yarinya ta kan tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa daga rijiya, ta ɗauki talla ta zaga gari, da dare kuma ta tafi dandali ta yi gaɗa. Yanzu injin niƙa ya karɓi daka, babur ya karɓi tafiya, waya kuwa ta kashe dandali a wurare da yawa. Lemon kwalba da alawa da biskit da taliyar leda sun iso har kantin ƙauye. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990, cikin yara da matasa 100 masu shekara 5 zuwa 19, guda 8 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai 20 cikin 100, watau sama da miliyan 390 a duniya duka.

To, kafin a ce yarinya ta yi ƙiba, sai a tabbata tukuna. Sa'ad da yarinya ta fara zama budurwa, tilas jikinta ya tara kitse a ƙirji da ƙugu da cinyoyi. Wannan halitta ce, kuma wadda ba ta samu haka ba ita ce abin dubawa. Ido ba ya yanke hukunci a nan, sai sikeli da ma'aunin tsawo. A kan ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da ya fito. A ce yarinya mai shekara 15 tana da kilo 60, tsawonta mita 1.5. In an ninka 1.5 sau 1.5 an sami 2.25. In an raba 60 da 2.25 an sami kusan 27. Sai malamin asibiti ya duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, wanda ya ware maza daban, mata daban, kowace shekara da iyakarta. Ga budurwa mai shekara 15, in lissafi ya wuce 23 da rabi nauyi ya yi yawa, in ya wuce 28 ƙiba ta kai ta cuta. Kun ga wannan yarinya tamu ta wuce iyaka ta fari, ba ta kai ta biyu ba.

Akwai kuma abubuwan da su ke kama da ƙiba, amma ba ita ba ce. In ka danna ƙaurin yarinya da yatsa, ka ɗaga, wurin ya lotsa bai dawo da sauri ba, wannan kumburi ne, ruwa ne ya taru, kuma ya kan nuna ciwon ƙoda ko na zuciya. A kai ta asibiti ran nan, kada a kwana. Ciki ma ya kan zo da ƙarin nauyi. Waɗansu magunguna kuma suna kumbura mutum, zan komo kansu nan gaba.

Me ya sa mu ke damuwa? Domin yawancin waɗanda su ka yi ƙiba suna matasa, da ita su ke girma. Ita ce ta ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya, ta kawo ciwon gwiwa, ta rikita al'adar wata. In an yi aure kuma ta kan ƙara haɗarin goyon ciki da wahalar haihuwa. Ga wata alama da ya kamata kowace uwa ta sani. In kin ga bayan wuyan 'yarki ya yi baƙi, ya yi kauri kamar karammiski, kin dirje da soso da sabulu ya ƙi fita, to ba dauɗa ba ce, ki daina yi mata faɗan ƙazanta. Sau da yawa jiki ne ya ke nuna ya fara gajiya da sarrafa sukari. A kawo ta a gwada jininta.

Yanzu bari mu duba abin da a kan yi a gida in yarinya ta yi ƙiba. Abu biyu ne: gori da horon yunwa. A kira ta buhu, a kira ta giwa, in ta miƙa hannu cikin kwano a ce, "Ke dai ba kya ƙoshi." Masu yin haka ba ƙinta su ke yi ba, gani su ke in ta ji zafi za ta rage. An gwada wannan zato, an ga ƙarya ne. A Amurka an bi 'yan mata sama da 2,000 tun suna shekara 10 har su ka kai 19, aka buga sakamakon a 2014. Fiye da rabinsu an taɓa ce musu sun cika ƙiba tun suna shekara 10. Da su ka kai 19, waɗanda aka faɗa wa haka sun fi sauran yin ƙiba, ko da a farko nauyinsu ɗaya ne. Maganar da ta fito daga bakin 'yan gida kuwa ta fi ta bare yin ɓarna.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Yarinyar da aka yi wa gori ranta ya kan ɓaci. Ta daina cin abinci a gaban mutane, ta koma ci a ɓoye, mai ci a ɓoye kuwa da sauri ya ke ci, ba ya jin sa'ad da ya ƙoshi. Ta daina fita wasa don kada a yi mata dariya. Nauyi ya ƙaru, gori ya ƙaru, a yi ta zagawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Horon yunwa ya fi wannan haɗari. Yarinyar da ta ƙi karyawa, ta ƙi cin na rana, in dare ya yi yunwa za ta ci ƙarfinta, ta ci na mutum uku, ta kwana tana tsine wa kanta. A ƙasar Ostareliya an bi 'yan makaranta masu shekara 14 da 15 har shekara uku, aka buga abin da aka gani a 1999. 'Yan matan da su ka matsa wa kansu ƙwarai da ƙin abinci sun ninka sauran sau 18 wajen kamuwa da cutar rikicewar ci, watau irin wadda yarinya za ta riƙa ƙin abinci har ta ƙanjame, ko ta ci ta tafi ta yi amai da gangan. Wannan cuta tana kisa. Ga kuma yarinya tana cikin girma, jininta da ƙashinta suna bukatar abinci.

To, in ba gori, ba yunwa, sai me? Sai jiyya da magana. Kada ku ɗauka wa'azi ne ko nasiha irin wadda mu ka saba, babba yana faɗa yaro ya sunkuyar da kai. Aiki ne mai tsari, wanda masana halayyar ɗan Adam su ka daɗe suna gwadawa, kuma yana da rassa.

Reshe na fari shi ne sauya ɗabi'a. A 1967 wani masani a Amurka, Richard Stuart, ya buga labarin mata 8 da ya yi wa jiyya shekara guda, duka kuwa su ka rage nauyi. Bai tsaya kan gaya musu abin da za su ci ba. Ya sa su lura da yadda su ke ci: yaushe, a ina, da wa, suna cikin wane hali. Gama yawan ci ɗabi'a ce, kowace ɗabi'a kuwa tana da abin da ya ke tayar da ita. In an gano abin nan aka kawar, ɗabi'ar ta kan yi rauni.

Ga yadda a ke yi. Yarinya ta sami ɗan littafi, mako guda tana rubuta abin da ta ci da abin da ta sha, da lokacin, da wurin, da yadda zuciyarta ta ke. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In ba ta iya rubutu ba, ta faɗa wa ƙawarta ta rubuta mata. A makon nan ba a ce ta sauya kome ba, kuma ba mai duba littafin don ya yi mata faɗa. In mako ya cika sai ta zauna da malamin asibiti su karanta tare. Abin da a kan gani ya kan ba iyaye mamaki, gama sau da yawa tuwon gida ba shi da laifi. Wata za a ga ba ta karyawa, sai ta je makaranta ta sayi fanke da lemo da kuɗin tara. Wata tallar awara ko ƙosai ta ke yi, abin da ya yi kwantai ita ta ke cinyewa don kada a yi asara. Wata kuwa sai bayan lisha, tana kwance tana kallon waya, hannu yana kai cincin baki ba ta sani ba.

Daga nan sai a zaɓi abu ɗaya a sauya. Ɗaya tak, kuma ita za ta zaɓa. A ce lemon kwalba ne. Kwalba ɗaya ƙarama tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9. Ba wanda zai zuba cokali 9 a kofin shayi ya sha, amma a kwalba ba a gani. Yarinyar da ta ke shan ɗaya kullum, in ta mai da shi biyu a mako ta yi babban aiki. Kada dai a sauya shi da zoɓo ko kunun zaƙi da aka cika wa sukari, don an gudu ne ba a tsira ba. In wannan ya zauna, bayan mako biyu ko uku, a ɗauki na biyu: ta riƙa karyawa da safe, ko da koko ne da ɗan wake. Na uku, ta ci a zaune, a kwanonta, ba daga tukunya ba. Inda yara da yawa su ke cin kwano ɗaya kowa sauri ya ke yi don kada a bar shi, saurin nan kuwa ya kan bi mutum har girma. A koya mata ta tauna loma sosai, ta haɗiye, sa'an nan ta yanko wata. Miya da ganye su yawaita, zogale da rama da kuɓewa da kabewa, tuwo ya ragu kaɗan, mai kuma a auna shi da cokali.

Motsa jiki ma haka a ke bi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 kowace rana na motsin da zai sa numfashi ya hau. Ba lalle a yi shi a zama ɗaya ba. Tafiya makaranta da ƙafa, daka, ɗiban ruwa, tsallen igiya, gaɗa da ƙawaye a tsakar gida, duk suna cikin lissafi. Barci kuma awa 8 zuwa 10, gama mai ƙarancin barci ya fi jin kwaɗayi da rana.

In ta cika abin da ta ɗauka, a yaba mata nan take. A yabi aikin da ta yi, a bar sikeli gefe, domin aikin ne a hannunta. Tukuici kuwa kada ya zama abinci. Lalle, ko ɗankunne, ko izinin zuwa gidan goggo ya isa. Ku sani kuma, ga yarinyar da ba ta gama tsawo ba, sau da yawa ba a bukatar nauyi ya sauka. In ya tsaya wuri ɗaya tana ƙara tsawo, an ci nasara.

Amma yarinya ba ita ta ke cefane ba, ba ita ta ke da tukunya ba. Saboda haka wani masani, Leonard Epstein, tun wajen ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa haɗa iyaye cikin jiyyar, su ma su sauya tasu ɗabi'ar. Ya kasa abinci uku kamar fitilar kan titi. Kore a ci yadda a ke so, a wurinmu kamar ganye da yalo da tumatir. Ruwan ɗorawa a ci kullum amma da awo, kamar tuwo da shinkafa da wake da fura. Ja kuwa sai jifa-jifa, kamar alawa da lemon kwalba da soye-soye. Ba abin da aka haramta. A 1990 ya buga sakamakon yaran da ya bi shekara 10, aka ga waɗanda aka yi wa jiyya tare da iyayensu sun fi sauran riƙe abin da su ka samu. Sai dai yaransa ƙanana ne, masu shekara 6 zuwa 12. Budurwa kuwa daban ce, tana son a san ta girma.

Wannan ya kawo mu ga wani gwaji da na ke so iyaye mata su saurara da kyau. A 1983 Kelly Brownell da abokan aikinsa su ka ɗauki matasa 42 masu shekara 12 zuwa 16, su ka kasa su uku. Kashi na fari su kaɗai su ke zuwa, ba iyaye. Kashi na biyu suna zama ɗaki ɗaya da iyayensu mata. Kashi na uku iyaye mata suna zuwa, amma su ɗakinsu daban, 'ya'yan ɗakinsu daban. Bayan shekara guda, kashi na uku sun rage wajen kilo 8, sauran biyun kuwa sun ƙara wajen kilo 3. Gwajin ƙarami ne, kuma ba duk waɗanda su ka biyo bayansa ne su ka sami daidai haka ba. Amma ni a ganina ya faɗi abin da mu ka riga mu ka sani a gidajenmu. Budurwa ba za ta buɗe cikinta a gaban mahaifiyarta ba, balle 'yar fari, wadda uwar ko sunanta ba ta kira. Saboda haka in kun zo, kada ki ji haushi in an ce, "Inna, ɗan jira a waje mu gana da ita, sa'an nan mu gana da ke." In kunya ta yi yawa, goggo ko yaya ko kaka ta tsaya mata.

Mai gida, ga naka rabon. Kai ka ke ba da kuɗin cefane, kai ka ke kawo tsaraba ran kasuwa. In ka sauya alawa da goba ko gwanda ko kankana, ka yi wa gidan duka magani. Kai ne kuma za ka hana 'yan'uwanta maza yi mata ba'a, magana ɗaya daga bakinka ta isa. Kada a dafa mata nata daban kamar mai laifi. Abin da za ta ci, kowa ya ci.

Reshe na biyu shi ne gyaran tunani. Wani likita a birnin Filadelfiya, Aaron Beck, shi ya kafa shi a shekarun 1960 don masu ciwon baƙin ciki, daga baya aka kawo shi wajen ƙiba. Abin da ya gano shi ne, tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya aikata akwai maganar da ya gaya wa kansa a zuci, kuma maganar nan sau da yawa ba gaskiya ba ce. A ce yarinya ta yi mako uku tana kiyayewa, sai aka yi biki, ta ci ta sha. Da ta komo gida zuciya ta ce mata, "Shi ke nan, kin ɓata, ke dama ba ki iya kome ba." In ta yarda, gobe ta watsar da kome. Aikin mai jiyya ya koya mata ta tuhumi wannan magana kamar yadda alƙali ya ke tuhumar shaida. Ya ce, "'Yata, kwana nawa ki ka kiyaye?" Ta ce, "Ashirin da ɗaya, Malam." "Kwana nawa ki ka yi biki?" "Ɗaya." "To, in ƙawarki ce ta zo miki da wannan labari, za ki ce mata ba ta iya kome ba?" Ta ce, "A'a, sai in ce ta ci gaba gobe." Ba shi ya gaya mata ba, ita ta faɗa da bakinta. In an yi haka sau da yawa, za ta iya yi wa kanta ba tare da kowa ba.

A nan ne kuma a ke koya mata ta rarrabe yunwar ciki da yunwar zuciya. Ta ciki a hankali ta ke zuwa, kuma ko ɗumame ya kashe ta. Ta zuciya farat ɗaya ta ke zuwa, bayan faɗa ko kaɗaici, kuma zaƙi ko maiƙo ta ke nema. In littafin nan ya nuna kullum bayan ɓacin rai a ke ci, to sai a bar zancen abinci a nemi abin da ya ke ɓata ran. Wata an rabu da uwarta tana hannun kishiyar uwa. Wata an kai ta riƙo, wata an cire ta daga makaranta ƙawayenta sun ci gaba, wata kuma amarya ce 'yar shekara 16 da aka kai garin da ba ta san kowa ba, tana zaune a ɗaki wuni. Akwai jiyya ta musamman da ta ke duba zaman mutum da jama'arsa, an kuwa gwada ta ga 'yan mata masu ci ba sa iya tsayawa, aka ga cin ya ragu, ko da ya ke sikeli bai nuna bambanci mai yawa ba.

Reshe na uku ya shafi yadda a ke buɗe maganar tun farko. William Miller ne ya fito da shi a 1983, yana aiki da mashaya giya. Ya lura in ka matsa wa mutum ya bar abu, sai ya shiga kawo maka dalilan da za su hana shi bari. In kuwa ka tambaye shi ka yi shiru, shi da kansa zai kawo dalilan bari. Saboda haka mai jiyya ya kan fara da neman izini: "'Yata, kin yarda mu yi maganar nauyinki yau, ko mu bari sai wani zuwan?" In ta yarda ya ce, "Daga 1 zuwa 10, yaya ƙarfin niyyarki ta sauya wani abu?" Ta ce 4. Ba zai ce don me ba 10 ba. Sai ya ce, "Me ya sa ba ki ce 2 ba?" Nan za ku ji ta fara: tana haki in ta hau tudu, kayanta na salla sun matse ta, kakarta ciwon sukari ya sa an yanke mata ƙafa. Iyaye ma za su iya koyon wannan. Wuyarsa ɗaya ce, yin shiru bayan tambaya.

Kada in sa muku rai fiye da kima. Jiyyar nan tana cin lokaci, kuma abin da ta ke saukewa ba shi da yawa. A 2017 an tattara gwaje-gwaje 44 da aka yi wa matasa 4,781 masu shekara 12 zuwa 17, aka ga a tsakaice sun fi waɗanda ba a yi wa ba raguwa da kilo 3 zuwa 4. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma, cikin ƙa'idojinta na 2023, ta ce a yi zama na awa 26 ko fiye, cikin wata 3 zuwa 12, kafin a sa ran ganin amfani sosai. Watau kamar awa guda kowane mako har wata shida. Wanda ya zo sau biyu ya ce bai ga kome ba, bai fara ba tukuna. Gaskiya ne akwai allurar rage ƙiba da aka yarda a yi wa masu shekara 12 zuwa sama a Amurka tun Disamba 2022, amma ta masu ƙiba mai tsanani ce, tana da tsada ƙwarai, sai da likita, kuma in an daina nauyi ya kan dawo. Can ɗin ma tare da sauya ɗabi'a a ke ba da ita.

Wani zai ce ina mu ka ga masanin halayyar ɗan Adam a ƙauye? Ba su da yawa ko a birni. Amma ba lalle sai su ba. A ƙasar Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata jiyya da magana, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A 2016 aka buga sakamakon gwajin, aka ga waɗanda su ka zauna da su sun fi sauran samun sauƙi nesa. Ciwon damuwa su ka yi wa jiyya, ba ƙiba ba, amma sun nuna aikin yana koyuwa. A nan Nijeriya ma, tun 1954 Likita Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiyarsa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa da ɗan'uwansa a tare da shi, don ya ga jiyya ta fi kamawa in dangi suna ciki. Malamin asibiti ko ungozoma mai haƙuri, da uwa, da goggo, za su iya ɗaukar yawancin abin da na faɗa.

Akwai dai inda aikin ya fi ƙarfin ɗakin shan magani. In yarinya tana amai da gangan bayan ta ci, ko tana shan maganin zawo ko shayin rage ƙiba a ɓoye, ko tana ramewa da sauri amma tana cewa ita mai ƙiba ce, ko al'adarta ta ɗauke, ko tana jiri tana suma, ko kuwa ta fara cewa gara ta mutu, to a tsai da zancen rage nauyi, a ajiye littafin nan, a karɓi takarda zuwa babban asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa wurinsu ba ya nufin yarinya ta haukace.

Na ce zan komo kan magungunan da su ke kumbura mutum. A ƙasarmu ga kowace yarinya da ta ke kukan ƙiba akwai wata da ta ke kukan rama, musamman in aure ya matso, ana ce mata sanda, ana cewa dangin miji za su raina ta. Sai ƙawaye su kai ta kemis ta sayi sha-ka-fashe. Yawancinsa ƙwaya ce mai suna deksametason, wani lokaci a haɗa da sifroheftadin mai buɗe ciki ya sa barci. Deksametason magani ne mai ƙarfi na cututtuka masu tsanani. In mai lafiya ya daɗe yana sha, fuska ta kan yi zagaye kamar faranti, ciki da doron wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsage. Ya kan kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. In kun tarar 'yarku tana sha, kada ku ƙwace ku zubar ran nan. Wanda ya daɗe a kansa in ya daina farat ɗaya zai iya faɗuwa, har ya mutu. Likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Ita ma maganar mutane ce ta kai ta can, saboda haka zaman nan da tambayoyin nan da gyaran tunanin nan duk ana yi mata su, kamar 'yar'uwarta mai ƙiba.

Wadda za ta kawo 'yarta, ta gaya mata tun a gida inda za su da abin da za a yi, kada a yaudare ta. Ku zo da duk wani magani da ta ke sha, na kemis da na gargajiya, a cikin kwalinsa ko ƙunshinsa. In ta riga ta fara littafin nan na mako guda, ta riƙo shi a hannunta. Ku zo ranar da ba ta kasuwa ba, sa'ad da layi ba shi da tsawo, don a sami sukunin zama.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ƙarancin jini ga 'yan mata.